Lambu a Saman Bene: Jidda Na da Ruwan Shayar da Shi?

Alhajin da ya sauke farali ya zo jiran jirgin komawa gida, a ƙarƙashin wasu manyan rumfuna farare yake yada zango a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Wani ya kwana ɗaya, wani ya kwana uku, ga jakunkuna ga ruwan zamzam, hankali duk ya tafi gida. Kaɗan ne ke ɗaga kai su dubi abin da ya yi musu inuwa. Alhali kuwa wannan rumfa tana cikin gine-ginen da masana ke kafa hujja da su idan ana maganar yadda za a zauna da zafi ba tare da an ƙona wutar lantarki mai yawa ba.

A 1981 aka buɗe tashar alhazan. Tantuna 210 ne, kowanne tsawonsa da faɗinsa kusan mita 45, an yi su da yadin zaren gilashi da aka shafe da Teflon, aka rataye su da igiyoyin ƙarfe a jikin dogayen ginshiƙai. Babu bango, saboda haka iska na shiga ta ko'ina. Farin yadin yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na zafin rana sama, ya bar ɗan haske ya ratso, yadda ba a bukatar fitila da rana. A ƙoƙuwar kowane tanti akwai kafa, inda iskar da ta yi zafi ke fita. Injiniyan aikin, Fazlur Rahman Khan, haifaffen Dhaka ne, kuma a Jidda Allah Ya yi masa rasuwa a 1982, shekara ɗaya kafin ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine. Gaskiya ne akwai ɗakuna masu na'urar sanyi a ƙarƙashin rumfunan, amma babban filin da dubban mutane ke zama, inuwa da iska ne ke riƙe da shi.

Yau kuma wata dabarar ce ta shigo bakin masu zanen gine-gine da ɗaliban jami'a a Saudiyya: a shimfiɗa ƙasa a saman rufin gini, a shuka tsirrai. A hoto abin gwanin sha'awa, kore shar a saman kankare. Kafin a rungume shi dai, ya kamata a san inda ya fito da abin da yake ci.

Dabarar a siffarta ta zamani a Jamus ta yi ƙarfi, tun wajen shekarun 1970. Birnin Basel na Suwizalan ya wajabta ta a kan sababbin gine-gine masu shimfiɗaɗɗen rufi a 2002, Toronto ta Kanada ta kafa tata dokar a 2009. Yadda ake yi shi ne, a fara shimfiɗa abin hana yoyo a kan dekin, a ɗora abin tare saiwa don kada ta huda kankare, sai abin tsane ruwa, sannan ƙasa marar nauyi. Akwai mai siririyar ƙasa, wadda kaurinta bai wuce santimita 15 ba, ana shuka mata ƙananan tsirrai masu jure fari. Akwai kuma cikakken lambu mai zurfin ƙasa, har da bishiyoyi da kujerun zama. Ko siririyar ma, idan ta sha ruwa, nauyinta kan kai kilo 100 ko fiye a kan kowane murabba'in mita, don haka ba kowane dekin ne zai ɗauka ba sai injiniya ya duba rodi da ginshiƙai.

Ta hanya uku rufin ke rage zafi. Ganye na yi wa kankare inuwa, ƙasa na rage saurin ratsawar zafi, sannan ruwan da ke tashi daga ganye da ƙasa yana tafiya da zafi sama. Wannan ta ukun ita ce mafi ƙarfi, kuma duk wanda ya san randa ya san ta: randa na sanyaya ruwa ne ta hanyar gumin da ke bushewa a jikinta, shi ya sa ruwanta ya fi sanyi a lokacin busasshiyar iska, da damina ta yi tsaka kuwa sanyin ya ragu. To Jidda gari ne na bakin Bahar Maliya, iskarsa cike take da laima, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Rigar mutum kan jiƙe kafin ya isa mota. A irin wannan iska, ruwa ba ya saurin tashi daga ganye, don haka sanyin da tsiro zai bayar bai kai wanda zai bayar a Riyad ba.

Sai babbar magana, wato ruwa. A Basel da Toronto sama ce ke shayar da rufin kyauta, ai ɗaya daga cikin dalilan Toronto ma na yin dokar shi ne rage ruwan da ke cika magudanai. A Jidda ruwan sama na shekara guda bai cika kai milimita 100 ba, abin da Kano ke samu a watan Agusta kaɗai ya ninka shi. Ruwan famfon garin daga teku ake tace shi, akasari a manyan masana'antu irin na Shu'aiba da ke kudu da birnin, kuma tace ruwan gishiri aiki ne mai cin makamashi. A yi ɗan lissafi: rufi mai murabba'in mita 200, ko da lita 5 kacal aka ba kowane mita a rana, lita 1,000 ke nan kullum. Mutum ɗaya a Saudiyya yana amfani da kusan lita 280 a rana, wanda shi kansa yana cikin mafi yawa a duniya. Ashe lambun ya shanye ruwan mutum uku da ɗoriya. Idan za a ƙona iskar gas a tace ruwa, a turo shi tafiyar kilomita masu yawa, a haura da shi hawa na biyar don a rage wutar na'urar sanyi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan ƙarancin ruwa tsohon labari ne a Jidda. Tun da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da ita tashar jiragen ruwa ta Makka a wajen shekara ta 647, ƙishirwa ce babbar damuwarta. A 1907 aka kafa injin tace ruwan teku da mutanen gari ke kira Kindasa, sai a 1947 aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima. Akwai gida a tsohon gari, Baitu Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a 1925. A ƙofarsa akwai bishiyar darbejiya, kuma an daɗe ana cewa a wani zamani ita kaɗai ce bishiya a cikin ganuwa, har ta zama abin kwatance ga baƙo. Garin da bishiya ɗaya ta isa kwatance, maginansa ba su dogara da ganye don neman sanyi ba. Wata hanyar suka bi.

A nan ya kamata a daɗe, domin tsohon garin, wanda ake kira Al-Balad, makaranta ce guda. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidajensa dogaye ne, hawa huɗu, biyar, wasu ma fiye, a manne da juna, lunguna kuma matsattsu, yadda kowane gida ke yi wa maƙwabcinsa inuwa mafi yawan yini. Da dutsen murjani aka gina su, wanda ake haƙowa a gaɓar teku. Dutse ne mai ƙananan ramuka, marar nauyi, ba ya saurin ɗaukar zafi, amma yana da rauni. Saboda haka bayan kowane 'yan layuka sai magini ya shimfiɗa katako a cikin bango don ya raba nauyi, sannan a shafe bangon da farar ƙasa don kare shi daga gishirin iska. Fari kuma yana korar rana.

Abin da ke fara ɗaukar idon baƙo shi ne roshan, wato tagar katako da ke turo kai waje daga bango, wani lokaci tun daga hawa na ɗaya har ƙarshe. An sassaƙa ta da ƙananan kafofi, tana da ƙyamare da ake ɗagawa a sauke. Iskar arewa maso yamma da ke kaɗawa daga teku tana shiga ta kafofin, rana kuma ba ta samun hanyar faɗawa cikin ɗaki kai tsaye. Matar gida na iya zama a kan shimfiɗar da ke cikin roshan ɗin, ta ga masu wucewa, ba mai ganinta. A bakinsa ake jera ƙananan tuluna su sha iska. Rijiyar matakala da ke tsakiyar gida kuwa tana zuƙo iska mai zafi ta fitar da ita sama.

Shi kansa rufin ɗaki ne. A saman gidajen akwai fili marar rufi da ake kira kharja, an kewaye shi da katanga mai huje-huje wadda ta fi tsayin mutum, iska na ratsawa, sirri kuma a rufe. Nan iyali ke hira da dare, nan suke kwana a watannin zafi, nan ake shanya. Ɗan ruwan saman da ya sauka a kai kuma ba a barinsa ya tafi a banza, ana bi da shi zuwa matattara a ƙarƙashin gida. Bakano ko Bazazzagin da ya tashi a gidan soro, wanda ya san kwana a tsakar gida da bazara, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kada dai a mai da tsohon garin aljanna. Gidajen attajirai ne mafi yawansu, katakon daga Indiya da Jawa ake kawo shi a jirgin ruwa, talakawa kuwa, ciki har da mahajjatan Afirka ta Yamma da suka zo a ƙafa suka zauna, a bukkoki suke a bayan ganuwa. Gidan murjani in ba a kula da shi ba yakan karkace ya faɗi, gobara kuma ta ci da yawa. A 2019 gwamnati ta ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da rushewa. Babu mai hankalin da zai ce a koma fasa murjanin teku don gina birni mai mutum sama da miliyan uku da rabi. Abin ɗauka shi ne tunanin: a hana rana shiga tun daga waje, a bar wa iska hanya, a yi amfani da rufi.

A 1947 aka rushe ganuwar, kuɗin mai ya shigo, gari ya miƙe arewa. Bulo da siminti suka maye gurbin murjani, tagar gilashi da alminiyam ta maye gurbin roshan, aka huda kowane bango aka cusa na'urar sanyi. A lokacin wuta na da arha, ba wanda ya damu. Sakamakon shi ne, a yau kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da gidajen Saudiyya ke sha, sanyaya ɗaki ne ke cinye ta, kuma hukumomin ƙasar da kansu sun taɓa cewa kusan kashi 70 cikin 100 na gine-gine ba su da abin tare zafi a bango ko rufi. Wanda ya hau saman wani bene a unguwar Safa ko Bawadi da azahar zai ga yadda rufi ya koma: tankin ruwa da ya yi zafi har ba a iya wanka da shi, injinan na'urar sanyi na ta huci, faifan tauraron ɗan'adam, tsofaffin kujeru, kankare kuma ba ya takuwa da ƙafa ba takalmi. A ranar 22 ga Yunin 2010 zafin Jidda ya kai digiri 52.

Duk da haka ba a rasa masu tunawa ba. Kusa da Al-Balad akwai hasumiyar bankin Al-Ahli mai hawa 27, wadda Gordon Bunshaft ya zana, aka gama a 1983. Mai kusurwa uku ce, bangonta na waje dutse ne ba taga ko ɗaya. Maimakon tagogi sai aka yanke manyan kafofi uku a jikinta, kowacce ta ci hawa da dama, aka dasa tsirrai a daɓensu. Gilashin ofisoshi yana kallon cikin waɗannan kafofi, a inuwa, iska mai zafi kuma na bi ta tsakiyar ginin ta fita sama. Wannan shi ne lambun sama da ya dace da Jidda: ƙarami, a inuwa, a inda idon ma'aikaci zai riƙa faɗawa kansa. Abdulwahid Al-Wakil, almajirin Hassan Fathy na Masar, ya gina ƙananan masallatai na jan bulo a bakin teku, masu kaurin bango da ƙubba, ɗaya daga cikinsu ya ci kyautar Aga Khan a 1989. Jami'ar KAUST da ke Thuwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, ta haɗe gine-ginenta ƙarƙashin ƙaton rufi guda mai ɗauke da faifan sola, da hasumiyoyi biyu masu jan iska ta cikin lungunan da ke tsakani. Sai dai kuɗin da aka kashe a can ba irin na mai gina gidan haya ba ne. A 2025 kuma, a bikin fasahar Musulunci da ake yi a tashar alhazai, an kafa ƙaramin masallaci da aka yi da ragowar itacen dabino da ganyensa, kayan da aka saba ƙonawa.

Akwai masu cewa lambun rufi zai rage ambaliya. Jidda ta san zafin ambaliya. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwa ya ci mutum sama da 100, unguwar Ƙuwaiza ta fi shan wuya. Ya sake dawowa a Janairun 2011. Ranar 24 ga Nuwamban 2022 an auna milimita 179 cikin awa shida. Amma siririyar ƙasar rufi ba ta riƙe fiye da 'yan milimita ashirin ko talatin kafin ta ƙoshi, kuma mafi yawan ruwan da ya yi ɓarnar daga duwatsun gabas ya gangaro, ya bi kwaruruwan da aka cike da gidaje. Maganin wannan madatsai ne da manyan magudanai da hana gini a hanyar ruwa. Alhakin rayukan da suka salwanta ya fi ƙarfin a jingina shi da tukwanen fure.

To me ya kamata a fara yi wa rufi? Abin tare zafi a ƙarƙashin daɓe, da farin fenti ko farin tayil a sama. Ba ya shan ruwa, ba ya ƙara nauyi, kuɗinsa kaɗan ne, illa dai ƙura na dusashe shi, sai an riƙa wankewa ana sabuntawa. Birnin Ahmedabad na Indiya ya bi wannan hanya a unguwannin talakawa. Bayan haka rumfa, ko ta faifan sola ce, wadda za ta yi inuwa ta kuma ba da wuta. Sannan ne tsiro zai shigo, kuma da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Irin wannan ruwa yana nan da yawa. Laimar da ke rage amfanin ganye, ita ce ke sa kowace na'urar sanyi ɗigar da ruwa marar gishiri dare da rana, wanda yanzu yake zuba a bango da titi. Ga ruwan alwala na masallatai, sau biyar a yini, kusan tsabtatacce. Idan aka tara waɗannan aka bi da su ta siririn tiyo mai ɗiga, za su rayar da lalle, ɗoɗɗoya, na'ana'a, zogale a manyan tukwane, da tsirrai dangin fasa-ƙaba masu jure gishiri. Ciyawar filin ƙwallo ce ba ta da gurbi a saman benen Jidda.

Dokoki sun fara motsi. Tun 2014 aka tilasta sa abin tare zafi a sababbin gine-gine na manyan birane. A Janairun 2018 kuɗin wutar gida ya tashi zuwa halala 18 a kan kowane kilowat na awa, bayan a da matakin farko halala 5 ne, kuma wannan ya sa magidanta da yawa suka fara tambayar abin da ke cikin bangonsu. A 2019 aka fito da ma'aunin Mostadam na auna ingancin gini ta fuskar ruwa da makamashi. Matsalar da ta rage ta ɗan'adam ce: mai gina bene don haya ba shi ne zai biya kuɗin wuta ba, ɗan haya ne, don haka ba abin da zai sa ya ƙara ko sisi in ba mai duba gini ya tsaya a kansa ba. A gefe guda kuma an koma aikin Hasumiyar Jidda a 2025, wadda ake so ta haura mita 1,000, jikinta duk gilashi.

Inda za a gane gaskiyar niyya shi ne filayen da aka share. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama, ciki har da Gulail, Karantina, Sabil da Kandara, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka suka yi shekaru masu yawa suna zaune, dubban iyalai suka watse neman matsuguni. Abin da za a gina a wuraren nan zai tsaya shekara hamsin ko fiye. In aka yi faffaɗan titi ba inuwa da benayen gilashi masu kallon yamma, lambun da za a ɗora a sama ado ne kawai, kuma mutanen da aka tasa ba su ne za su zauna a cikinsa ba.

Maganar ta shafi gida, domin abin da Alhaji ya gani a Jidda shi yake dawowa ya gina a Kano ko Maraɗi: baƙin gilashi, dogon rufin kwano mai duhun launi, tagogi ba rumfa, a garin da wuta ba ta tsayawa. Yanayinmu daban ne. Iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, saboda haka ganye ya fi sanyaya wuri a nan, amma damina na zuwa da ƙarfi, dekin da ba a yi wa aikin hana yoyo da kyau ba zai zubo wa mai gida ruwa a ka, rani kuma wata bakwai ne. Ga mai ƙaramin ƙarfi, silin mai kauri, kwano mai haske, tagogi masu fuskantar juna da darbejiya a yammacin gida sun fi lambun sama sauƙi da amfani. A ƙauyen Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gama wani aiki a 2018: sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse, wanda ke ɗaukar mutum kusan 1,000 ba tare da na'urar sanyi ba. Tsirran a ƙasa aka shuka su, a harabar da ke tsakanin gine-ginen biyu, ana shayar da su da ruwan damina da aka tara a matattara ƙarƙashin ƙasa.